Ranar da Alhaji Bubayero Ya Rasu a Kwamfuta

Ni Nata'ala, wallahi ban yi wa Alhaji Bubayero fatan sharri ba, amma ranar da abin ya same shi sai da na ci tuwo malmala uku.

Duk mai cin kasuwar Shuwarin ya san shi. Dillalin shanu ne, babban jarinsa kuwa bakinsa: in ya taya aka sallama masa, ko ana ha-maza-ha-mata sai ya biya. Shekarar da matata Hindatu ta kwanta asibiti na janye daga cinikin wani maraƙi, mutumin nan ya tara min jama'a a kara. "Ku zo ku ga namiji mai baki biyu!" Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

To a 2005, Ikrima ƙanin matarsa ya buɗe shagon intanet a Dutse, muka raka Alhaji yi masa Allah-sanya-alheri. Ikrima ya nuna masa gwanjon da Turawa ke yi a kwamfuta. Sai ga wata a-kori-kura fara tas.

"Taya min ita," in ji Alhaji. "Dala dubu uku."

"Alhaji, nan fa in ka taya..."

"Kai, rufe min baki! Shekara talatin ina ciniki. Wane mai kaya ne ke sallamawa a tayin farko? Zai ce albarka, in juya, ya kira ni, mu yi wata guda muna ja."

Ashe Bature bai san albarka ba. Kwana uku ba wanda ya ɗara tayin, sai saƙo ya zo cewa mota ta zama ta Alhaji, a turo kuɗi. A makon kuwa ciwon huhu ya shiga garkensa ya kashe shanu bakwai, waɗanda da su zai sayar ya biya kuɗin motar.

Ya lallaɓa shagon shi kaɗai. Ikrima ya ce, "Alhaji, mu rubuta masa kawai ka fasa."

"Ni? In fasa? Kana hauka ne? Rubuta ka ce na rasu. Wanda ya mutu ai bai fasa ba, mutuwa ce ta shiga tsakani."

Baturen nan, Allah sarki, mai kirki ne. Ya aiko da doguwar ta'aziyya, ya ce a manta da maganar mota. Ikrima ya buga takardar don ya kai wa Alhaji, ya bar ta kan tebur ya fita sallar azahar. Wani malamin firamare ɗan Kiyawa ya shigo, ya ga sunan Alhaji a takardar, ya saki salati ya hau babur ya tafi baza labari.

Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji. Ni ma na je, har da ɗan hawayena, don bashin gaba daban, mutuwa daban. Muna zaune liman na tambayar ina gawa, sai ga Alhaji ya dawo daga wajen shanunsa riƙe da buta. Jama'a, kowa ya yi ta kansa! Liman ya bar takalmi ƙafa ɗaya.

Da ƙura ta lafa, dattawa suka titsiye Ikrima, ya zayyana komai tun daga dala dubu uku.

Ranar kasuwa Alhaji ya shigo kara yana baza babbar riga kamar ba a yi ba. Ya tsaya kan bijimina, ya shafa tozo, ya taya. Tayi mai kyau kuwa, ya fi abin da nake nema.

"Albarka, Alhaji," na ce.

Ya ƙara dubu biyu.

"Albarka."

"Haba Nata'ala, to nawa kake so?"

Na ɗaga murya yadda ya ɗaga min a wancan karon. "Ko nawa ne, ranka ya daɗe. In na sallama, wa zai biya ni, kai ko magada?"

Kara ta ɗauki dariya har masu awaki suka leƙo. Ya tattare rigarsa ya fice. Na kora bijimina gida ban sayar ba, kuma ban ji asarar ko kwabo ba.