Barkono a Cikin Nama

Kokon ya huce har ya yi fata a sama, Rahamatu tana ta juya ludayi a ciki, aka yi sallama a ƙofar gida. Inna Kulu, tsohuwar ɗakin kusa wadda take zama da ita tun ranar da aka binne mijinta Ma'aruf, ta fita ta dawo tana taɓe baki.

"Kure ne, akawun wurin aikinsu. Wai a kan maganar karen nan ya zo. Ko sadakar bakwai ba a yi ba, ki ji mutane!"

Rahamatu ta ce ya shigo. Ba don tana son ganinsa ba, kwanakin nan duk abin da aka ce mata sai ta ce to. An ce ta cire 'yan kunne ta shiga takaba, ta cire. An ba ta 'yar wuƙa an ce mai takaba ba ta rabuwa da ita, ta riƙe. Abu biyu ne suka gagara, kuka da cin abinci. Matan unguwar Hausawa ta Diobu a Fatakwal sun zo sun yi kukansu, sun fyace hanci sun tafi, ita tana zaune tana kallon ruwa yana ɗiga daga bakin rufi. Tun da aka ce mata motar katako ta buge Ma'aruf a kan kekensa cikin ruwan sama, ba ta ƙara jin komai ba, har yunwa.

Edwin Kure, mutumin kudancin Zariya da ya daɗe a Fatakwal, ya tsuguna a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

"Uwargida, ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Kofur."

"Amin. Da godiya."

"Wallahi da kunya na zo. Kyaftin ne, karen Kofur. Tun ranar da abin ya faru bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa. Kuku ya gwada, ni na gwada, Bature da kansa ya durƙusa masa da hanta da ƙwai. Ko kallo ba ya yi. Yanzu Bature ya ce ba zai zauna yana kallon dabba tana mutuwa da kaɗan-kaɗan ba. In an tashi aiki yau bai ci ba, zai harbe shi." Ya juya hular. "Leburori har hawaye suke yi. Sun ce ba su taɓa ganin kare mai baƙin ciki irin wannan ba."

"Ba baƙin ciki ba ne," in ji Rahamatu. "Barkono ne."

Ita ta san haka, don ita ta daka barkonon. Ma'aruf tsohon kofur ne na soja, a wurin yaƙi ya koyi riƙon karnuka, da ya dawo ya samu gadi a wani sito kusa da bakin ruwa. Ɓarayin wurin ba sa faɗa da kare. Nama suke jefowa ta kan shinge da guba a ciki, su jira. Haka suka kashe karnukan da suka riga Kyaftin. Da Bature ya kawo wannan yana ɗan kwikwiyo, Ma'aruf ya rantse shi kam ba za a ci shi da nama ba. Sai ya riƙa tsaga tsoka yana cusa dakakken barkono, ya ba wani ya jefa: yau lebura, gobe direba, jibi Kure da kansa. Kowane hannu wuta ne ban da nasa. Shi kuwa in zai ba shi abinci, sai ya zauna a kan buhu, ya buɗe kwanonsa, ya yi bismilla, ya fara cin yanka ɗaya a gaban karen, sannan ya miƙa masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kafin shekara ta zagayo, ko rago aka gasa aka jefa, Kyaftin tsallake shi yake yi.

Ita ma ta taɓa jefawa. Ya ce ɓarayi na iya aiko mace, don haka sai karen ya san hannun mace. Ya ɗauke ta a keke da mayafinta zuwa siton. Karen ya taho yana kaɗa mata jela, ya cafe naman tun kafin ya kai ƙasa. Kukan da ya yi bai fita kunnenta ba. Har suka iso gida tana fushi da Ma'aruf, duk da ƙosan da ya tsaya ya saya mata.

Ba wai tana ƙaunar karen ba ne. Saboda shi ake kiran ta matar Maikare a bakin famfo, saboda shi take da baho daban na wankin kakin mijinta. In ta yi mita, Ma'aruf ya yi dariya ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ta ajiye ludayin ta miƙe.

"Ina za ki?" in ji Inna Kulu. "Mai takaba, kuma wurin kare? 'Yar nan, kin san bakin unguwar nan kuwa?"

"Rai ne, Inna. Kuma rana ba ta faɗi ba." Ta faɗi haka kamar mai faɗin farashin gishiri. Ta ciro kwanon Ma'aruf daga ƙarƙashin gado, ta laluba aljihun kakinsa da ke rataye a ƙusa ta ɗauko buroshi. "Naman da mahauta suka aiko jiya, yana nan?"

"Yana nan mana, wa ya ci? Don ke na dafa, ko barkono ban sa ba saboda cikinki babu komai."

"Juye min shi a nan."

Tsohuwar ta juye tana salati, sannan ta yafa gyalenta, don ba za a ce ta bar mai takaba ta fita ita kaɗai ba.

A a-kori-kurar kamfani suka tafi. Titi duk caɓi, 'yan tutocin bikin samun 'yancin kai na bara suna nan rataye a bakin shaguna, ruwa ya wanke korensu. Direban ya leƙo su ta madubi ya ce, "Madam, dat one no be dog o, na lion." Wai wannan ba kare ba ne, zaki ne. Da suka zo kwanar da abin ya faru, Kure ya sunkuyar da kai. Rahamatu ta duba sosai. Wata mata ce zaune a wurin tana gasa masara. Ta jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, shiru.

Kyaftin yana kwance a wata rumfar kwano bayan sito, sarƙa a wuyansa. Irin karnukan Jamus ne da 'yan sanda ke riƙewa, girmansa ya kusa na ɗan maraƙi: baya baƙi, ƙafafu da ƙirji ruwan ƙasa, dogon baki, kunnuwa a tsaye, jela mai kauri kamar tsintsiya. Gashinsa biyu ne, dogo a sama da mai laushi a ƙasa, don ƙasar sanyi aka halicce shi, shi ya sa damshin Fatakwal ke wahalar da shi. Ma'aruf kullum sai ya taje shi kafin ya kama aiki. Yanzu gashin ya cukuikuye, haƙarƙari sun fito, kaska sun cika masa kunnuwa, don ba mai ƙarfin halin kai hannu. Bai yi haushi ba, dama shi ba mai yawan haushi ba ne. Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya dube ta, ya kawar da kai. Ya gane ta.

"Uwargida, a hankali," in ji Kure daga nesa.

Buhun Ma'aruf yana nan inda yake. Ta zauna a kai. Ta tuna yadda yake cewa irin wannan kare ba a yi masa tsawa, ba a kuma zo masa da sauri. Ka ba shi bayan hannunka ka jira, shi zai yanke shawara. Ta miƙa hannun da buroshin a ciki. Karen ya yi gurnani can ƙasan maƙogwaro, Inna Kulu ta ja da baya tana "A'uzubillahi." Rahamatu ba ta janye ba. Ba jarumta ba ce, ko ya ciza ko bai ciza ba duk ɗaya ne a wurinta. Ya daɗe yana shinshinar buroshin, sannan ya kwantar da kai a kan ƙafafunsa.

Ta fara daga wuya zuwa baya, yadda gashin ya kwanta. Mataccen gashi ya riƙa fitowa dunƙule-dunƙule. Inda ya ɗaure ya ƙi tsefuwa, ta sa 'yar wuƙarta ta yanke.

"Wuƙar takaba!" in ji Inna Kulu. "Yau na ga abin da ya ishe ni."

Ta ce Kure ya kawo gwangwani da kananzir. Ta bi kunnuwan tana cire kaska ɗaya-ɗaya tana jefawa a ciki. Da ta gama ta wanke hannu da wuƙar a famfo, ta dawo kan buhun. A saman bene Bature ya fito baranda ya tsaya, hannuwansa a baya. Leburori sun fara wanke ƙafa, alamar an kusa tashi.

Ta buɗe kwanon, ta yi bismilla, ta yanki nama ta sa a baki. Kamar tsumma take taunawa. Da ƙyar ya wuce. Ta ɗauki wani yanka ta ajiye a tasar karen. Ya kalli naman, ya kalli hannunta, ya juya fuska ga bango.

"Ka gani, babu komai a ciki," ta ce masa. Ta ƙara cin wani. "Duba."

Bai duba ba. Ta ci wani a hankali, tana tauna da ƙara yadda zai ji. Kunnensa ɗaya ya juyo. Ta ci wani. Aikin Ma'aruf ya yi kyau, ta raya a ranta, mutumin nan bai taɓa yin abu rabi da rabi ba. Ta ci gaba da ci tana yi wa karen magana ƙasa-ƙasa, cewa ranar nan ba ra'ayinta ba ne, sa ta aka yi, cewa shi ma mai sa ta ɗin ba mugunta ba ce, tsoro yake kada a kashe masa shi. Gishirin naman ya fara fitowa a harshenta. Yanzu karen ya juyo gaba ɗaya, yana bin hannunta da ido daga kwano zuwa baki.

Aka kaɗa ƙararrawar tashi. Bature ya shiga ciki, Kure ya dubi matakalar bene.

Rahamatu ta ɗauki yanka, ta gatsa rabi ta haɗiye, ta ɗora ragowar a tafin hannunta ta kai masa har bakin hanci. Hannun nan ne dai da ya jefa masa wuta. Ya shinshina, ya ja baya, ya sake shinshinawa. Sannan ya buɗe baki ya ɗauka da gefen haƙori. Bai tauna ba. Ya riƙe naman a baki, ya kwantar da kunnuwa, ya runtse ido, jikinsa duk ya sandare yana jiran zafin ya zo.

A nan ne abin ya same ta. Ta ga wannan runtse idon ta gane shi, haka ita ma take zaune tun ranar da aka kawo mata labari. Baƙin cikin ya taso mata daga ciki da ƙarfinsa, ta ji rashin Ma'aruf, dariyarsa da taurin kansa da ƙarar kekensa a ƙofar gida. Kuka ya ƙwace mata, mai sauti, irin wanda matan unguwa suka yi ta jira ba su samu ba. Inna Kulu ta manta da kare, ta matso ta dafa mata baya.

Kyaftin ya haɗiye. Ya tsaya kaɗan, ya lashe baki. Ya sunkuya ya ɗauke yankan da ke tasarsa, ya miƙe tsaye, ya zuba mata ido. Bature ya iso da bindigarsa a rataye, ya tsaya, sannan ya juya ya koma bene.

Rahamatu ta sa hannu a kwanon tana shessheƙa. Ta laluba, yatsunta suka taɓa ƙarfe.

"Inna, ina sauran naman?"

"Kin cinye, 'yar nan."

Kure ya riga ya sa hularsa zai ruga wurin mahauta, sai ya tsaya ya juyo.

"Uwargida, in ni na ba shi gobe, zai ci?"

"Ba zai ci ba."

"To, yaya za a yi?"

Ta goge fuska da bakin mayafi, ta dubi karen, ta rufe kwanon.

"Ka turo motar da hantsi," ta ce. "Inna, gobe ki dafa na mutum biyu."