Albarkar da Malama Ismenia Ta Riƙe

Malama Ismenia tana cikin rubutu a allo Yorman ya shigo goye da jaka, irin jakar da kowa a Maracaibo ya san inda mai ita ya nufa. Ta gani sarai, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Ka makara. Zauna, yau haƙƙin ƙasa a kan ɗanta za mu duba."

Shi kaɗai ya rage mata a ajin falsafar siyasa. Sauran duk sun watse ƙasashen waje neman abinci, wasu Bogotá, wasu Lima, yarinyar da ta fi su ƙwaƙwalwa ma tana can Santiago tana wanke-wanke. Shugaban sashe ya riga ya gaya mata, ranar da aji ya zama ba kowa, rufe shi za a yi.

Bai zauna ba.

"Madrina, a sa min albarka."

Haka suke kiranta tun da suka zaɓe ta uwar bikin kammala karatunsu, bikin da har yau ba a yi ba. Mu nan kuwa, yaro ko kanti zai je sai ya nemi albarka, kuma ban taɓa jin babban da ya hana ba.

"Kai da ka cika mana kunne da 'yancin talaka," ta ce, "ashe suyar arepa, wainar masara, za ka je yi wa mutanen Peru?"

"Ko suyar ce, Malama, a can ana ci a ƙoshi. Kakata magani take buƙata." Ya yi murmushin dole. "Ke fa kika koya mana, in hukuma ta karya alkawari, talaka ma ya kuɓuta daga nasa."

"Na koya muku ku tsaya ku yi gardama. Yaushe na koya muku gudu?"

"Mota ba za ta jira ni ba, Madrina. Don Allah."

Ya sunkuyar da kai yana jira. Tausayinsa ya kama ta, amma ta san tana buɗe baki shi ke nan, ya tafi, ajin ma ya bi shi. Sai ta juya masa baya ta ci gaba da rubutu. A ranta, wai ba zai iya fita babu albarka ba. Kai, tsufa ma dai da wauta.

Ya daɗe a tsaye, bawan Allah. Can ta ji takunsa a kan matakala, har ta daina ji.

Ta yar da alli ta fito baranda da sauri, tana dafa bango. Ba shi, ba alamarsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta ce. "Allah ya tsare hanya."

Wata mai shara da ke can ƙarshen baranda, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Amin."