Dokin Da Ke Kan Azurfa

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, kowa a Kano ya zama ɗan siyasa, har da Celestine mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari. Kaboyi ake ce masa, don ba ya rabuwa da faffaɗar hula, kuma duk Lahadi in an taso daga coci sai ya hau dokinsa ya zaga unguwa. Kansila yake nema.

Shi ya kawo wa Malam Sadisu na Fagge farantin azurfa da za a ɗaura wa dokin a ƙirji ranar gangami. Malam Sadisu mai zanen ƙarfe ne, da 'yar guduma da cizal yake fitar da fure a jikin linzami da likkafa. Amma kasuwa ta daɗe da juya masa baya, sai rubuta suna a jikin cokali. Da ya riƙe azurfar nan, sai daɗi ya kama shi.

A tsakiyar farantin ya zana doki ya ɗaga ƙafafun gaba, gashin wuyansa ɗai-ɗai, har jijiyar cinyarsa ana gani. Bai taɓa aikin da ya kai wannan ba, kuma ya sani. Burinsa Sabon Gari ta gani, ta tambayi wanda ya yi. A ƙarƙashin kofatan dokin ya sa tsani, alamar jam'iyyar Celestine.

Ba a rufa mako ba sai ga Kaboyi yana share gumi.

"Malam, goge tsanin nan. Sun hana ni tikiti, na koma jam'iyyar masu tulu."

"Oga Celestine, azurfa fa ba allo ba ce da za a wanke. Kankarewa ake yi, kuma jikinta ake ci."

"To kankare mana!"

Malam Sadisu ya yi ƙwafa, ya ɗauki magagari. Ya cinye tsani, ya zana tulu. Wurin ya lotsa, amma dokin na nan.

Su kuma masu tulu suka ba wa surukin shugabansu takara. Celestine ya sake sauya sheƙa, ya dawo Fagge da hoton fitila, alamar sabuwar jam'iyyarsa, a hannu. Wannan karon Malam Sadisu bai ɓoye ɓacin ransa ba.

"Wallahi wurin ya zama kamar ɓawon albasa. In na sake taɓawa zai ɓule."

"Haba Malam, kai da hannunka ke da albarka? Jibi ne gangami."

Ya zauna ya bi a hankali, yana riƙe numfashi. Ya gama gindin fitila lafiya. Yana ɗora cizal a kan murfinta, sai ƙarfen ya nutse. Tsaga ta tafi sama ta raba ƙafar dokin biyu. Malam Sadisu ya ajiye guduma, idonsa ya kawo ruwa. Aikin baban giwa kenan.

Celestine ya ɗauki farantin, ya kara a ido, ya hango titi ta cikin hujin. Maimakon faɗa, sai ya fashe da dariya.

"Malam, ai Allah ne ya taimake mu! Faɗaɗa shi. Yanke tsakiyar nan duka ta zama taga, sai in riƙa zura takardar jam'iyya ta baya. In sun ɓata min rai in zare, in sa wata."

"Tsakiyar ai nan dokin yake," in ji Malam Sadisu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Doki kuma? Ga na gaske zan hau, me zan yi da na zane?"

Malam Sadisu ya daɗe yana kallon gashin wuyan nan da ya bi ɗai-ɗai. Azurfa ta mai ita ce, ba shi da ta cewa. Ya jawo almakashin ƙarfe, ya fara yanka ta wajen wutsiya, don ba zai iya farawa ta wajen kai ba.