Garin Gero Cikin Tiramol

Hansatu ta sa sakata a ƙofar ɗaki, ta zauna bakin gado da faranti a kan cinya. Da farce ta raba ƙwanson tiramol, ƙwayar nan ta kashe ciwo, gida biyu, ta zazzage farin garin cikin tsumma, ta ɗura garin gero a madadinsa, ta mayar ta rufe. Haka ta bi duk ƙwayoyin da ke cikin ɗan gwangwanin mijinta. Ita da ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba.

A tsakar gida mijin nata, Isaka, yana gwada kalangu. Ya kaɗa, ya tsaya, ya yarfe hannu, ya sake.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana kiɗa a ƙungiyar Taurarin Shari, waɗanda suka haɗa kiɗan jaz da kalangu da gurmi tun ana yi musu dariya a Njamena har aka koma ana yi musu rawa. Su bakwai suka fara. Biyu ƙasa ta rufe musu ido, ɗaya ya haye Kamaru bai waiwayo ba, biyu kuma bara aka sallame su da “mun gode”, don kunnen ɗaya ya yi nauyi, yatsun ɗaya sun sandare. An cike gurabensu da sababbin hannu. Cikin na farko saura Isaka da Ghali, mai busa saksofon, wanda shi ne shugaba. Ga shi sun taso da sabon faifai, na farko cikin shekara tara, kuma Taurarin Shari ba sa ɗaukar kiɗa gunduwa-gunduwa. Kowa da kowa ake zama a yi a tashi ɗaya. In mutum ɗaya ya kuskure a koma farko, kuma duk ɗakin ya san ko wane ne.

Sanyin ƙashi ya kama wuyan hannun Isaka. Ghali ne ya fara miƙa masa ƙwaya ɗaya, wai kowa da ita yake tsaye, daga nan ya san hanyar dokta shuku, masu tallar magani a bakin titi. Watan jiya Hansatu ta tsince shi a bakin famfo yana fizge-fizge, kumfa a baki. Ta yi kuka, ta yi roƙo. Ya ce ta bari a gama faifai. Ita kuwa ta ga in aka jira faifai, sai dai a sa shi ranar sadakar bakwai.

* * *

Kwana tara dabarar tana tafiya, in dai wannan sunansa tafiya. Isaka ya rame, gumi ba ya barin goshinsa, abu kaɗan ya hau faɗa.

“Maganin yanzu duk jabu ne,” in ji shi wata rana da hantsi, yana girgiza gwangwanin. “Da biyu suke isata. Yanzu shida nake watsawa, kamar na sha ruwa.”

“To ka bari mana, Baban Safiya, tunda ba ya yi.”

“In bari in koma ina? Jiya sau huɗu aka sake waƙa ɗaya saboda ni. Sababbin nan ba su ce komai ba, sai kallon ƙasa. Gara su zage ni.”

Ta kawar da kai. Tausayinsa ya cika ta, amma can ƙasan ranta akwai ɗan sanyi: shida na gero bai taɓa kashe kowa ba.

Da la'asar Ghali ya zo unguwarsu ta Guji da kansa, ya ƙi ko zama a tabarma. Daga madafa take jin su.

“Isaka, ni da kai ba ɓoye-ɓoye. Gobe ce rana ta ƙarshe a studiyo. Yaran nan sun nuna mini na'ura tana fitar da kalangu, wallahi ba ka bambancewa. Ban so ba. Amma in hannun bai zo gobe ba, halas, shi ke nan.”

“Zai zo,” in ji Isaka.

“Allah ya sa.”

Wanda ya ba ka guba da hannunsa, shi ne kuma yake tsaye yana auna ka. Hansatu ta ci gaba da tuƙa tuwo har ya kama.

* * *

Da safe ya sa farar riga, ya rataya kalangu. Ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, yana jiransa a ƙofar gida, babur na kunne. Har ya ɗaga ƙafa ya juyo, ya miƙa mata gwangwanin.

“Zubar da jabun nan. Ghali ya ce zai zo mini da na gaske daga wani dokta shuku na wajen kasuwar Dembe.”

Kwana tara jikinsa bai ga na gaske ba, shi kuwa bai sani ba. “Nawa za ka sha?”

“Shidan da na saba. Yau kam ko takwas.”

Maganar geron ta zo har bakinta. Amma ga ɗan kilando yana kallo, ga maƙwabta a ƙofar gidajensu, ga mutumin da ba ta taɓa yi wa ƙarya ba kafin wannan yana mata murmushin da ta kwana tara ba ta gani ba. Ta ce a ranta bari ta nemo yadda za ta fara. Kafin ta samo, babur ya sha kwana.

Ta kira wayarsa. A kashe, kamar kullum in za shi studiyo. Ta Ghali ma haka. Ta fizgi mayafi, ta fita da takalmi wari-wari.

Daga Guji zuwa unguwar Kabalai, inda studiyon yake, ba ta san tana da nisa haka ba. Studiyon ɗaki ne a bayan wani gida, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai, sauti yana tsiyayowa ta ƙarƙashin ƙofa. Wani dattijo mai gadi, Hamisu, ya tare ta da hannu, ya nuna jar fitilar da ke saman ƙofar.

“Hajiya, an fara ɗauka. In wannan na kunne ba mai shiga.”

“Mai kalangu mijina ne. Ya sha wani abu?”

“Ni na ba shi ruwa ma. Cike da tafin hannu ya watsa.” Ya karkata kunne, yana murmushi. “Ke dai saurara. Rabon da in ji shi haka tun muna samari.”

Gaskiya ya faɗa. Kalangun yana magana tiryan-tiryan, yana zolayar saksofon, yana wuce shi, yana dawowa ya jira shi. Hansatu ta ɗaga hannu za ta buga ƙofa. In ta buga, ta ɓata ɗaukar da ba za a sake ba shi ba. Hannun ya tsaya a sama.

Kalangun ya ƙara sauri, ya ƙara, har ya bar sauran a baya. Sai ya yanke.

Saksofon ɗin bai tsaya ba. Ya ci gaba da busa shi kaɗai, a hankali, yana ba kalangu wuri ya shigo.