Madarar Kumatu

Da safiyar ranar da aka sassauta dokar kulle, Direba ya ji matarsa tana kankare gindin gwangwanin madara da cokali. Bai tambaye ta komai ba, ƙarar ta ishe shi amsa.

Duk unguwa Direba ake kiransa, ko da yake shekara shida ke nan da ya ajiye tuƙi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan tirelar siminti, kuma abin da ya fito da shi daga aikin, ban da gidan da suke ciki, shi ne wani busasshen tari da ba ya barinsa. Likita ya daɗe da gaya masa ƙurar siminti ce ta zauna masa a ƙirji. A da babu wanda ya damu da tarin. Amma tun da annobar nan ta shigo, tari ya zama abin da mutum ke ɓoyewa kamar kayan sata.

'Yarsu ta fari nas ce. An tura ta sashen masu cutar, sati uku ke nan tana kwana a masaukin ma'aikata, ba ta zuwa gida. Mijinta kuma rufe hanyoyi ya rutsa da shi a wani gari. Haka jaririyarsu, 'yar wata biyar, ta dawo hannun kakanni da jakar kayanta da gwangwanin madara uku. Kumatu suke ce mata, saboda fuskar tata kusan duk kumatu ne. Gwangwani na uku shi ne ake kankarewa yanzu.

Ƙananan shagunan unguwa sun fi sati ba su da madarar jarirai. Sai dai babban kantin da ke bayan tashar bas, wanda ake buɗewa sau biyu a sati, daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu. Matar Direba, wadda maƙwabta ke kira Maman Nas, ita ta saba cefanen gidan tun aurensu, amma tana da asma, 'yarta kuma ta rantsar da ita kada ta taka ko bakin ƙofa. Don haka sai shi.

Ta rubuta masa abubuwan da zai sayo a bayan wata takardar magani: shinkafa, fulawa, man girki, sabulu. Madarar ta rubuta ta a sama, ta ja mata layi biyu. Ta nuna masa jikin gwangwanin, ta ce ya duba lambar nan, dole ta zama ɗaya, ba biyu ba, ba uku ba. Ta ɗaura masa takunkumi da kanta, ta cusa masa alewar tari guda uku a aljihu.

"Malam, ko me ka rasa kada ka rasa wannan," ta ce. "Abin da ya rage na rana ne kawai. Kuma don Allah ka danne tarin nan."

Ya ce mata mutumin da ya haura da tirela kan tudu da lalataccen giya ba kanti ne zai gagare shi ba. Ba ta yi dariya ba.

Babu bas, da ƙafa ya tafi. Titi fayau, sai motar 'yan sanda ɗaya da ke fake a mahaɗa. Duk sammakon da yake ganin ya yi, ya tarar layi ya zagaye kantin har ya kai bayan wurin ajiye motoci. An zana da'ira da farin fenti a ƙasa, taku biyu tsakanin kowace da 'yar'uwarta, kowa na tsaye cikin tasa. Ya samu ta ƙarshe ya shiga, ya jefa alewa ɗaya a baki ta ƙarƙashin takunkumi.

A gabansa wani ƙato ne da rigar kanikawa mai shatin baƙin mai. Direba bai saba da irin wannan layi ba, duk lokacin da aka motsa sai ƙafarsa ta wuce da'irar. Karo na biyu kaniken ya waiwayo, ya nuna ƙasa da yatsa.

"Baba, koma naka wurin."

Ya koma. Abin ya sosa masa rai.

Mutane na hira daga nesa-nesa, murya na fitowa a toshe. Wata ta ce fulawa ta ƙare tun wancan satin. Wani ya ce an tsare motocin kaya a kan hanya, wani kuma ya ce direbobin ne suka ƙi fita. Wani dattijo ya ba da labarin maƙwabcinsa da aka ɗauke ranar Litinin, aka binne ranar Laraba, iyalinsa ba su ko gan shi ba. Daga nan hirar ta mutu. Direba ya tuna 'yarsa, ya ciro waya ya duba, babu kira. Ya sha alewa ta biyu.

Sai goma da rabi ya iso ƙofa. Mai gadi ya fesa masa man wanke hannu, ya ɗora masa na'urar auna zafi a goshi. Ya duba, ya sake aunawa. Direba ya fara bayanin cewa da ƙafa ya zo, kuma awa biyu ke nan rana na dukansa. Mai gadin ya ce ya je inuwar can ya zauna minti biyar. Ya zauna a kan dakali yana kallon mutanen da ke bayansa suna shiga ɗaya bayan ɗaya, yana lissafin ko wanne ne cikinsu ya zo sayen madara. Da aka sake aunawa, mai gadin ya yi masa alama da kai ya wuce.

Cikin kantin ya fi layin ba shi tsoro. Kantoci dogaye, mafi yawansu wayam, sai takardun farashi manne a ƙarƙashin wuraren da babu komai. An zana kibiyoyi a ƙasa, ba a komawa baya. Wata murya na ta maimaitawa a lasifika cewa kowane kaya biyu kawai ake ɗauka, a bar tazara. Fulawa babu. Shinkafa sai ƙananan ledoji, ya ɗauki biyu. Man girki ya samu kwalba ɗaya da ta gangara can ciki. Sabulu kuwa sai wani mai tsada da bai taɓa gani ba, ya jefa shi a kwando don kada ya koma hannu rabbana a kan wannan ma.

Da ya kai wurin kayan jarirai sai ya ga gwangwanaye shida a jere. Har ya ce alhamdu lillahi. Ya ɗauki ɗaya ya nisantar da shi daga ido yana karantawa: uku. Ya juya sauran duka. Uku, uku, uku. Ya kira matarsa ya tambaye ta ko a tsarma ta da ruwa da yawa. Ta ce ta yaran da suka wuce shekara ce, cikin Kumatu ba zai ɗauka ba. Ta bayan muryarta yana jin kukan yarinyar. Ya kira 'yarsa, wayar a kashe.

Wata ma'aikaciyar kantin da ke goge kanta ta ga yana tsaye riƙe da gwangwani. Daga inda take ta gaya masa mai lamba ɗaya an kwashe ta daga nan saboda masu wawura, tana can wurin sayar da magani a ƙarshen kanti, gwangwani ɗaya ga mutum ɗaya, kuma ya yi sauri.

Can ma layi ne, mutum tara. Ya shiga na goma. Ta cikin gilashi yana hango gwangwanayen a bayan mai sayar da maganin, ya ƙirga su: biyar. Ya bi mutanen gabansa da kallo yana ƙoƙarin gane wanda ya yi kama da mai jariri a gida. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da kwata. Wani ya zo ya tsaya a da'irar bayansa. Da ya waiga sai ya ga kaniken nan ne.

A nan ne ƙaiƙayin ya fara. Sanyin na'urar kantin ya shiga masa ƙirji, ya ji kamar ana jan zare a maƙogwaronsa. Ya laluba aljihu ya ciro alewa ta ƙarshe. Wajen ɓare ledar ta suɓuce ta faɗi ƙasa, ta gangara ƙarƙashin kanta. Ya haɗiye yawu. Ya riƙe numfashi. Gwangwani ya koma huɗu, ya koma uku. Saura mutum uku a gabansa. Idanunsa suka kawo ruwa, kafaɗunsa suka fara girgiza.

Tarin ya ƙwace. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, irin mai zuwa a jere ne har sai ya sunkuyar da mutum. Ya toshe baki da gwiwar hannu, ya dafa kanta. Kafin ya ɗago an watse daga kewayensa. Wata mata ta ja ɗiyarta baya tana kiran mai gadi, tana cewa ya za a bar mara lafiya ya shigo cikin mutane. Yana so ya ce siminti ne, shekara da shekaru ne, amma duk buɗe bakin da ya yi sai wani tarin ya riga maganar fita.

Mai gadin ya zo ya tsaya nesa. Bai yi masa tsawa ba. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, doka ce. Ajiye kwandon ka fita." Mai gadin ya gane shi ne wanda aka sa ya zauna a inuwa, kuma wannan ya ƙara ɓata lamarin.

Da ƙyar Direba ya samu numfashi ya ce, "Jikata ce. Wata biyar. Madara kawai zan karɓa in tafi."

Mai gadin ya sake ba shi haƙuri, ya nuna ƙofa. Mutane suka dare masa hanya fiye da yadda ake bukata. Ya bar kwandon a tsakiyar da'irar, da shinkafar da man da komai.

A waje ya zauna kan dakalin nan. Tarin ya lafa kamar bai taɓa zuwa ba. Wayarsa ta yi ƙara, Maman Nas ce. Ya kalle ta har ta katse. Ya fara tunanin wasu kantunan: akwai ɗaya a hayin gada, amma tafiyar awa guda ce, kuma ƙarfe ɗaya 'yan sanda ke fara kama wanda suka gani a titi. Ya yi tunanin madarar manya a tsarma, ya tuna abin da aka ce game da cikin yarinyar. Maman Nas ta sake kira. Bai san da wane baki zai gaya mata ba.

Sha biyu saura 'yan mintuna kaniken ya fito da ledoji biyu. Ya duba hagu da dama, ya nufo dakalin, ya tsaya taku uku daga Direba. Ya ajiye leda ɗaya a ƙasa ya ja baya.

"Mai lamba ɗaya ce ko? Na ji kana waya ɗazu. Shi ne na ƙarshe."

Direba ya miƙe zai matso, kaniken ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya ce shi maganin hawan jinin tsohuwarsa ya zo saye, rabonsa na madara ba shi da amfani a wurinsa. Shinkafar da sauran kayan kuwa an kwashe kwandon za a fesa masa magani, bai samu ɗauko su ba. Direba ya ajiye kuɗin a kan dakali ya danne da dutse, ya koma gefe. Kaniken ya sa leda a hannu ya ɗauka. Direba na ta sa masa albarka, da shi da tsohuwarsa.

"Amin, Baba. Amma ka je a duba tarin nan. Ni dai bai yi mini daɗin ji ba."

Ya tafi, bai waiwayo ba.

A gida Maman Nas ta sa ya tuɓe riga a tsakar gida, ya wanke hannu har gwiwa. Ta goge gwangwanin da ruwan sabulu sau biyu kafin ta buɗe. Ba ta tambayi shinkafa ba sai da Kumatu ta kama kwalba ta yi shiru. Ya ba ta labarin duka, bai rage komai ba.

Da la'asar 'yarsu ta kira. Muryarta a dishe. Ta saurari labarin, sannan ta tambaye shi ko tarin irin na kullum ne.

Ya buɗe baki zai ce eh. Sai ya tuna na'urar da aka ɗora masa sau biyu, da awa uku da ya yi cikin mutane, da kantar da ya dafa. Ya ce, "Ina jin dai shi ne."

"Baba, kalmar 'ina jin' ba ta isa ba," ta ce. Ta roƙe shi ya koma ɗakin zaure, da kofinsa da kwanonsa daban, kada ya ɗauki yarinyar, kada ya zauna kusa da Mama, a riƙa auna zafinsa safe da yamma har kwana goma.

Bai yi musu ba. Ya kwashi tabarmarsa da rediyonsa ya koma. Ana ajiye masa abinci a bakin ƙofa, shi kuma ya karanto lambar ma'aunin zafi da ƙarfi, matarsa ta rubuta. Duk tarin da ya yi sai ya ji motsin cikin gida ya tsaya. Ranar ta huɗu ya tashi da ciwon kai, ya wuni bai gaya wa kowa ba, yana ta taɓa goshinsa. Da yamma ciwon ya sake shi.

Zazzaɓi bai zo ba. Madara ta gaba matar maƙwabcinsu ce ta karɓo musu, ta miƙo ta kan katanga a cikin bokiti. Ranar da kwana goma suka cika ya yi wanka ya shiga ciki, ya miƙa hannu zai ɗauki Kumatu. Ta ƙura masa ido, ta taɓe baki, ta juya ta ƙanƙame kakarta. Sai da ya yi kusan rabin awa yana kaɗa mata makullan gida kafin ta yarda ta zo.