Jan Motar Suruki

A shekarar da Faransawa suka fara kafa ginshiƙan gadar da za ta haɗa Gaya da Malanville, Seyni direban kamiyonet, ƙaramar motar ɗaukar kaya, yana da mata, amma shi yake dafa wa kansa shinkafa. Bibata ta tafi gidan ubanta haihuwar fari, ta sauka lafiya, ta gama wankan jego, yaron har ya fara rarrafe, ba a maido ta ba. Uban, Sarzan Sumana, tsohon sojan Faransa, ya ce zai duba tukuna. Abin da yake dubawa, in ji masu kai magana, kunyar surukinsa ce, don a ganinsa direba da kunya ba sa kwana ɗaki ɗaya.

Saboda haka Seyni ya duƙufa noman kunya kamar mai neman cika rumbu. Kowace safiya yana ƙofar gidan Sarzan, takalmi a hannu, ido a ƙasa. Bai taɓa kama sunan tsohon ba. Ko wani Sumana dabam ya gamu da shi a tasha, sai ya ce masa "mai sunan Baba". In ya hango Sarzan a kasuwa yakan sake hanya, ko da buhu a kansa. Sarzan kuwa yakan amsa gaisuwar da "Madalla", ya koma ciki ya ci gaba da dubawa.

Sarzan yana da mota baƙa, wadda ya saya a hannun wani Bature mai kanti da ke shirin komawa ƙasarsu. Baturen ya rabu da ita yana hawaye, mutanen Gaya suka ce son da yake mata ne. Sai daga baya aka gane na murna ne. Ran nan Sarzan yana dawowa daga Bengou, ta yi tari a kan tudun da ke bisa gari, ta yi shiru.

Hama ne ya kawo labari. Hama masunci ne, ɗan gwaggon Seyni, don haka bakinsa ba shi da linzami a kansa.

"Tashi, gwauro mai mata," in ji shi. "Allah ya kawo ranarka. Motar surukinka ta cika a kan tudu, ana neman mai jan gawa."

Seyni bai tsaya ramawa ba. Ya ga Bibata a cikin maganar nan, da goyo, da kwanukanta. Suka ɗauki igiyar jirgin Hama mai kauri, suka hau tudu a kamiyonet.

Sun tarar da Sarzan a inuwa, lambobin yabonsa a ƙirji, yana kallon motar kamar mai kallon sojan da ya gudu daga fagen daga. Seyni ya cire takalmi, ya tsuguna, ya gaida ƙasa. Sannan ya shiga aiki. Ya kwanta ya ɗaure igiyar a ƙarfen ƙarƙashin motar, bai yarda da ƙarfen nan mai walƙiya na gaba ba, wanda ke fita kamar haƙorin tsohuwa. Ya rage tsawonta, ya ɗaura jan ƙyalle a tsakiya don kada wani mai jaki ya ce zai ratsa. Ya zura hannu ya maida sandar giya tsakiya.

Saura magana, kuma nan gizo ke saƙa. Jan mota aikin mutum biyu ne, na gaba yana ja, na baya yana riƙewa. In an zo gangara, na baya ne ke fara taka birki, don igiya ta zauna a miƙe. Wannan karatun da ranƙwashi aka koya wa Seyni shi a garaji. To amma wane suruki ne zai tsaya gaban uban matarsa yana koya masa inda zai sa ƙafa?

Ya ja Hama gefe. "Ka gaya wa Baba, in mun kai gangara ya riƙa taka birki kafin ni. Kada igiya ta kwanta. Ka faɗa da ladabi."

"Ni za ka koya wa ladabi? Kai da ka fara jiya?"

Hama ya je ya durƙusa. "Baba, yaronku yana gaisuwa. Ya ce shi bai isa ya gaya muku komai ba. Ya ce dai maganar gangara, da igiya, duk kun fi shi sani."

"Ya yi gaskiya," in ji Sarzan. "An ja ni a jirgi tun ubansa bai san mashiga ba. Wanda ake ja, zama ne nasa."

Hama ya gyaɗa kai da zuciya ɗaya, don haka abin yake a kogi. Jirgin da ake ja, ruwa ne birkinsa. Ya dawo ya ce wa Seyni, "Ya ce ya ji."

Da Seyni ya shiga kamiyonet ya ɗaga kai, sai ga fuskar Sarzan cikin madubi, ido cikin ido. Ya kama madubin ya juya shi sama, ya bar shi yana kallon shirwa. Har ya ji daɗin kansa. Ko a Dosso ba a yi suruki irin wannan ba. Hama ya hau baya ya tsaya, shi ne ɗan aike tsakanin motocin.

A kan tudu tafiya ta yi kyau. Igiya a miƙe, jan ƙyalle yana rawa, masu itace suna ɗaga wa Sarzan hannu yana amsawa da kai. Da Sarzan ya ga lamarin ya yi daidai, sai ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafafu a kan kujera, ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ya ɓare goro da haƙori.

Sai hanya ta sunkuya.

Seyni bai ga komai ba, tunda madubinsa yana aikin duban gajimare. Ji ya yi kamiyonet ta yi sakayau, kamar an sauke mata kaya. Kafin ya gama mamaki, gum! Motar Sarzan ta gaida shi ta baya. Ya ƙara wuta don ya tsere mata, igiya ta miƙe ta fizgo ta, ta sake biyo shi da sabon ƙarfi. Can ƙasa ga kasuwar bakin kogi, mata da tukwane, masu kifi da tabarmi, bayansu mashiga, bayan mashiga ruwa. In ya tsaya ta murƙushe shi, in ya gudu su tafi Dahomai ba tare da jirgi ba.

"Hama! Birki! Gaya masa!"

Hama ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, ya rusuna gwargwadon iko. "Baba, Allah ya ƙara girma! Yaronku yana cewa, in babu damuwa, in kuma kun ga ya dace..."

Gum!

Seyni ya fiddo kai ta taga, ya juya, ya dubi uban matarsa tsakiyar ido.

"Kai Sumana! Sauke ƙafarka ka taka birki! Kurma ne kai?"

Rabon da a daka wa Sarzan tsawa irin wannan tun yana bariki. Kansa bai yarda ba, amma jikin soja bai shawarci kai ba. Ƙafa ta sauka tsirara ta danne birki. Igiya ta yi ƙara ta miƙe, Hama ya zauna ba shiri, Seyni ya bi da nasa birkin a hankali. Motocin biyu suka ja ƙafa, suka tsaya gaban tabarmar wata mai busasshen kifi, wadda ta ɗauke kwandonta ta matsa gefe.

Kowa ya ji. Har waɗanda ba su san sunan Sarzan na yanka ba, yau sun samu kyauta.

Sarzan ya fito, ya sa takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara lambobinsa, ya bi ta tsakiyar kasuwa ya tafi gida a ƙasa. Seyni ya tsuguna a gefen taya, amma tsugunon ya zo a makare.

"Sannu, sarkin kunya," in ji Hama yana shafa ƙugu. "Ka sayi babbar tukunya. Kai da shinkafa sai mutuwa."

Washegari Seyni bai je gaisuwa ba. Yana zaune yana hura wuta, sai ya ji sallama. Yalwa ce, ƙanwar Sarzan, ɗauke da ƙunshi, bayanta Bibata da goyo da kwanuka.

"Saƙo na kawo," in ji Yalwa, ba ta ko zauna ba. "Yayana ya ce mutumin da ya kira shi da suna a tsakiyar kasuwa, ba ya son ya sake ganinsa a ƙofar gidansa. Ya ce kuma ya san halinka, muddin matarka tana can ba za ka daina zuwa ba. To ga ta nan."

Ta ajiye ƙunshin ta juya. Bibata ta leƙa tukunyar da ke kan wuta, ta ɗaga murfi, ta mayar.

"Da ka san haka ne," in ji ta, "ai da tun ranar suna ka yi masa ihun." Ta kwance goyon ta miƙa masa. "Riƙe shi. Wannan shinkafar ko jaki ba zai ci ba."