Dutsen Kawu Yefim

Shekara goma sha tara Kawu Yefim yana tuƙa tarakta a ƙarshen duniya ta kudu, har yatsu biyu ya ba ƙanƙara sadaka. Ni ce mai dafa wa sansaninmu na masu bincike abinci, don haka kowane ƙorafi a bakin tukunyata yake sauka. Burin tsohon ɗaya ne: kafin ya yi ritaya a sa wa wani dutse sunansa, ya nuna wa 'yarsa Zlata abin da ya hana shi ganin girmanta.

Duwatsu bakwai ne suka leƙo daga ƙanƙara a bayan sansaninmu. Shugabanmu Rodion ya rabar da su tas wajen sa suna: ɗaya ga daraktan hukumarmu, ɗaya ga surukin darakta, har da wani ɗan ofis da ko firij ya buɗe sai ya yi mura. Su ne fa jarumai!

"Ranka ya daɗe, ni fa?" in ji Yefim, ana shan miyar kabeji.

"Haba Kawu, kai za a manta? Naka ya fi duka tsawo. Jiya na'ura ta gano shi."

"Yana ina?"

"Ƙarƙashin ƙanƙara. Zurfin kilomita biyu kacal."

"Kacal!" na ce. "Allah ya saka da alheri. In ba shi ludayi ya fara tono?"

Wallahi raina ya ɓaci, amma tsohon nan har da sa riga mai tsabta. Muka yi tafiyar awa shida a tarakta don ganin dutsen. Rodion ya duba na'urarsa, ya nuna wani fili fari fat, shimfiɗe kamar faranti.

"Nan ne ƙololuwar."

Yefim ya tsaya a wurin, ya cire hula cikin sanyin da ke tsinke kunne, na ɗauke shi hoto. Aka tura wa Zlata.

Kwana uku yana zarya ɗakin sadarwa. Da amsa ta zo, tabaransa ya yi hazo, sai ya miƙo mini takardar in karanta. Ni ma da shegen sauri, ban fara dubawa ba.

"Na gani, Baba. Dutsen ya yi kama da kai. Kowa cewa yake yana nan, amma ba a ganinsa."

Ya gyara tsayuwa, ya ce, "Ci gaba."

Na juya takardar. Babu komai a bayanta.